Ɗige-ɗigen da ke Hiramin Baba

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Wannan littafin lissafina ne na aji shida, saura shafi ashirin da ban taɓa ba. Tunda mun gama firamare babu mai tambayarsa. Zan riƙa rubutu a nan, domin in na buɗe baki a gida murya ba ta fita.

Sun tafi da Baba da azahar. 'Yan sanda ne su biyu, ɗaya da kaki, ɗaya da kayan gida. Ba su yi masa tsawa ba. Yana zaure yana ɗinkin wuyan wata babbar riga, sai ya soke allurar a jikin yadin, ya ce wa Umma a rufe masa aikin kada kaji su hau. Suka ce a ba su rigar da ya sa da safe. Umma ta ɗauko ta a kan ƙusa, suka sa a leda.

Ba su tambayi hirami ba.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Baban Jamilu yana asibiti, har yanzu bai farfaɗo ba. Maƙwabcinmu ne, lungu ɗan siriri ne ya raba gidanmu da nasu. Jiya da safe, da ruwa ya ɗauke, aka same shi kwance a lungun, kansa ya fashe ta baya. Jamilu, babban ɗansa, shi ya fara zuwa. Ya tarar da Baba durƙushe a kan babansa. Ya hankaɗe Baba, ya kira keke suka tafi asibiti.

Baba ya ce ƙara ya ji, ya fita ya gan shi a ƙasa. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Shi da Baban Jamilu shekara biyu ba sa gaisawa saboda indararon soronmu. Ruwansa yana sauka a gindin katangarsu, ta fara zaizayewa. Ranar Juma'ar da ta wuce sun yi cacar baki a ƙofar masallaci, Baba ya faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta ba. Duk unguwarmu ta Kusfa ta ji.

Laraba, bayan azahar

Da Baba ya shigo jiya, ya yar da hiraminsa a gefen rijiya, ya wanke hannu har sau uku. Umma tana madafi. Ni kaɗai na gani.

Farin hirami ne. Tsakiyarsa ya jiƙe sharkaf, wannan ban damu da shi ba, ko wanda ya taimaki mai rauni zai samu haka. Amma a gefe akwai ɗige-ɗige ƙanana, kamar an yayyafa garin barkono.

Na san irinsu. Da ban sani ba da ya fi mini.

Alhamis, 7 ga Agusta, da safe

Ban wanke ba.

Alhamis, da yamma

Gwaggo Hidaya ta zo. Ƙanwar Baba ce, autarsu, tana aure a Tukur-Tukur. Tana karatun digirin dakta a jami'a. Mutanen unguwa sun ɗauka likita za ta zama, suna kawo mata takardun magani. Ba wannan ba ne. Na'ura take haɗawa, ƙarama kamar sabulun wanka, ana jona ta da waya. Akwai wasu 'yan sirin katuttuka da ake sa mata. In aka samu tabo a jikin tufa ko bango a wurin da aka yi laifi, a dangwala da auduga a shafa a katin, na'urar za ta faɗi ko jini ne, ko yawu, ko gumi, ko manja kawai. Ta ce katin yawu yana gane abin nan ne da ke sa tuwo ya yi zaƙi in an daɗe ana tauna shi.

A hutun da ya wuce na kwana biyu a gidanta. Na leƙa kwamfutarta na ga hotuna, ta ce, “Malama Shiru, zo ki gani da kyau, ba a leƙe ba.” Ta nuna mini cewa jinin da ya ɗiga da kansa ɗigonsa babba ne, zagayayye. Wanda ya fito saboda duka kuwa feshi yake yi, ƙanana-ƙanana. Ta ce kuma mutanenmu da an yi abu sai wanki, alhali tufa tana da magana, ruwa ne ke rufe mata baki. Ta ce ba a ajiye jiƙaƙƙen abu a leda, ruɓewa yake. A bar shi ya bushe, a naɗe a takarda.

Yau ba ta kira ni Malama Shiru ba. Idonta ya yi ja. Ta ce wa Umma ta samo lauya.

Juma'a, 8 ga Agusta, kafin a tafi masallaci

Umma ta nemi hiramin. Ta ce jini najasa ne, bai kamata ya kwana a gida ba, balle kwana uku. Ta duba bayan rijiya, ta duba ƙarƙashin gado. Ta ce, “Ihsan, ba ki gan shi ba?” Na sunkuyar da kai. Da ma haka nake yi ko na gani ko ban gani ba, sai ta wuce.

Yana ɗakin marigayiya Kaka, inda ba mai shiga. Na shanya shi a jikin azara har ya bushe, na naɗe a tsohuwar jarida, na sa a kwandonta na saƙa.

Ban san dalilin da ya sa na bi abin da Gwaggo ta ce ba. In don in ceci Baba ne, ai wankewa ya kamata in yi. Sau biyu na ɗebo ruwa a bokiti. Hannuna ya ƙi.

Asabar, 9 ga Agusta

An yi ruwa. Na zauna ina jin indararon yana zuba. Da can ba na jin sa.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan la'asar

An kai Baba kotu, alƙali ya ce a tsare shi sai an ga yadda jikin Baban Jamilu zai yi. Lauya ya ce abin da ya fi ɗaure maganar shi ne rigar. Wai a bakin hannayenta akwai feshin jini, irin na wanda ya kai duka.

Ashe a rigar ma akwai.

Kwanon Inna Rabi, matar Baban Jamilu, yana wurinmu. Duk faɗan da mazan suke yi, ita da Umma ba su fasa miƙa wa juna abinci ta kan katangar baya ba. Ranar Litinin ɗin can ta miƙo mana dambu. Umma ta wanke kwanon ta kife a kan turmi. Kullum tana kallonsa, ba ta san yadda za ta mayar ba.

Laraba, 13 ga Agusta, da yamma

Mun je ganin Baba. Ya rame, gemunsa ya yi fari sosai. Ya tambayi ko an rufe ɗinkin. Ya tambayi jikin Baban Jamilu, Malam Nasrullahi, da sunansa ya kira shi. Umma ta miƙa masa goro, mai gadi ya farfasa ya duba kafin ya bar shi. Baba ya ce kwana takwas bakinsa bai san ɗacin goro ba, wannan ya fi sauron wurin damunsa. Ya yi 'yar dariya don mu yi.

Ya ce, “Ihsan, ɗago in gan ki.” Na ɗago zuwa wuyan rigarsa, na tsaya a nan.

Wannan mutumin ne ke tashi ya zauna a kaina in ina zazzaɓi, ya yi karatu, ya yi mini tofi. Ina ƙarama nakan jira ya juya in goge da hijabina, saboda yana zuwa da ɓarɓashin goro.

Na kasa haɗa shi da hiramin. Na kasa raba su.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ban wanke ba. Ban faɗa ba.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan magariba

Umma ta aike ni Tukur-Tukur da kuɗin hoto na takardun lauya. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida ta baza ƙyallayen tela a kan faranti, kowanne da lamba. Ta ce malaminta ya ba ta hutu amma in ta zauna haka kanta zai fashe. Ta ɗiga zoɓo a wani, lalle a wani, ta huda yatsarta ta ɗiga a na uku.

Na daɗe a tsaye. Sannan na ce, “Gwaggo, na'urar tana faɗin wanda ya yi?”

Ta ce, “A'a. Ba ta san mutum ba. Abin da ke wurin kawai take faɗa. Me ya sa?”

Sai kuka ya zo mini. Ba ta lallashe ni ba, ta jira. Na faɗa mata duka, har ɗige-ɗigen.

Ta cire safar hannunta a hankali. Ta ce, “Kin wanke?”

Na ce a'a.

“A leda kika sa?”

Na ce a jarida, bayan ya bushe.

Ta rufe fuskarta da tafin hannu. Da ta buɗe ta ce, “Ɗalibaina na aji uku sai na faɗa sau goma.” Ta jawo ni jikinta. Ta ce, “Ki saurare ni, Ihsan. Yayana ne, shi ya goya ni, shi ya saya mini littafina na farko. Amma in na gwada ya nuna jini ne, zan ce jini ne. Kuma ba zan buɗe shi ni kaɗai a ɗaki ba, in na yi haka ya tashi daga shaida. Sai a gaban mutane. Ke kuma sai kin faɗa da bakinki inda kika ɗauka da inda kika ajiye. Kin yarda?”

Na ce in jini ne fa?

Ta ce, “To mun sani ke nan. Yanzu ma ai ɗauke da shi kike.”

Lahadi, 17 ga Agusta, da safe

Umma ta ji. Ba ta dake ni ba. Ta ce, “Da kin ba ni tun ranar, da yanzu an wuce wurin.” Tun daga nan ba ta sake mini magana ba.

Wataƙila ni zan sa a ɗaure Baba.

Talata, 19 ga Agusta

Gobe ne za a gwada hiramin, a zauren Mai Unguwa. Na gwada faɗin maganar a gaban madubin Kaka. Ko madubin na kasa kallo.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi a jere, kada in manta.

Mai Unguwa yana kan buzu. Lauya yana gefe, da ɗan sandan da ke riƙe da maganar, sai Jamilu da baffansa. Mata suna daga cikin gida bayan asabari, na ga ƙafar Inna Rabi. Ni aka zaunar a tsakiya da kwandon Kaka a cinyata.

Mai Unguwa ya ce, “'Yar Malam Dogara, faɗa mana.” Na faɗa. Ya ce bai ji ba. Na sake faɗa. Ya ce wa lauya, “Kai ka ji?” Sai na uku muryar ta fito. Ɗan sandan ya rubuta, ya ce ɓoye shaida laifi ne, amma za a duba yarinta.

Gwaggo ta fara da cewa ita ƙanwar wanda ake zargi ce, kowa ya riƙe wannan a ransa. Ta ce na'urarta bincike ce da ba a gama ba, kotu ba ta karɓarta tukuna. In ta nuna wani abu, hanya kawai ta nuna, sai a kai ɗakin gwaji na gwamnati.

Jamilu ya ce, “Wayarki ce, abin da kike so za ta faɗa.”

Ta ce, “Haka ne, Jamilu, kana da gaskiyar yin shakka. Zo ka gwada ta da kanka.” Ta ba shi ƙyalle uku. Ya tofa yawu a ɗaya, ya huda yatsa a ɗaya, ya zuba shayin Mai Unguwa a ɗaya. Ta juya baya, ya cakuɗa su, shi ya dangwala, shi ya shafa a katin. Ta faɗi kowanne daidai. Mai Unguwa ya ce, “Ikon Allah. Shayina dai ya fita da gaskiyarsa.” Ba wanda ya yi dariya sai baffan Jamilu.

Ɗan sandan ya sa safar hannu ya warware jaridar. Ya ɗauki hoto. Gwaggo ta dangwali gefen babban tabon. Layin da ke wayar ya miƙe sama. Ta ce, “Jini ne, na mutum.” Jamilu ya ce, “To.”

Sai ta ɗauki sabon tsinken auduga ta nufi ɗige-ɗigen. Ta tsaya ta ja numfashi. Na rufe ido. Na ji shiru ya yi yawa, na buɗe. Layin yana kwance bai motsa ba. Ta sake da wani ɗigon, da wani kuma can nesa. Bai motsa ba.

Ta ce, “Wannan ba jini ba ne.” Ta canza kati. Layin ya tashi. Ta kalli wayar ta daɗe, ta ce, “Yawu ne.”

Jamilu ya miƙe tsaye. Ya ce, “Ashe har yawu ya tofa masa yana kwance.”

Gwaggo ta ajiye wayar. Na'urar ta gama nata.

Ni kuwa sai a lokacin na kalli ɗige-ɗigen da kyau. Kwana goma sha biyar ina tsoronsu, ban taɓa tsayawa na dube su a haske ba. Babban tabon ya koma baƙi-baƙi. Su kuwa ja ne mai ruwan ƙasa. Irinsu ne a tsohon farin hijabina, waɗanda Umma ta yi ta cuɗawa suka ƙi fita.

Ban san na yi magana ba sai da na ji kowa ya juyo. Na ce, “Tofi ne. Goro yake ci.”

Gwaggo ta sunkuya a kan hiramin. Ta ce wa ɗan sandan ya duba, yawun raini dunƙule yake faɗuwa wuri ɗaya, wannan kuwa watse yake kamar yayyafi. Ta nuna masa wurare biyu da suka fita fes babu ɗigo ko ɗaya, kowanne da siffar yatsu. Ta ce a nan hannayensa suke, yana danne raunin.

Daga bayan asabari Inna Rabi ta ce, “Ku miƙo mini in gani.” Ɗan sandan ya ce ba a taɓawa. Sai ta fito da kanta, ita da ba ta taɓa shiga zauren maza ba. Ta duƙa ta duba. Ta ce, “Jamilu, lokacin da ka yi ƙyanda kana shekara huɗu, kwana bakwai Malam yana shigowa. Duk rigunanka haka suka yi. Na yi ta mita a zuciyata.”

Jamilu bai zauna ba, bai kuma fita ba. Can ya ce, a hankali, “Da na iso bakinsa yana motsi. Na ɗauka zaginsa yake.”

Lauya ya ce zai nemi a gwada hannun rigar.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Lauya ya je ya tambayi Baba me ya sa bai taɓa faɗin ya yi tofi ba. Wai Baba ya dube shi ya ce, “Wannan ma abin faɗa ne? Wa zai ga mutum a haka bai yi ba?”

Umma ta zuba mini koko yau, ta ƙara mini sukari ba tare da ta ce komai ba.

Talata, 26 ga Agusta

Ana jira. An yi ruwa sau biyu. Umma ta sa an tara tsohuwar randa a ƙarƙashin indararon, ni nake kwashewa.

Baban Jamilu ya buɗe ido. Ba ya magana, gefensa ɗaya ba ya motsi. Likita ya ce ƙila ba zai tuna ranar ba har abada. Wasu na cewa santsi ne, wasu na cewa tubali ne ya faɗo daga katangar. Ba wanda ya sani.

Laraba, 3 ga Satumba, da yamma

Sakamakon rigar ya zo. Abin da Gwaggo ta faɗa shi suka faɗa: feshin hannun rigar ma yawu ne, ba jini ba. Ta zo da takardar, ta karanta wa Umma sau biyu, sannan ta shiga ɗakin Kaka ta rufe ƙofa. Na ji kukanta.

Da ta fito ta ce ba za ta sa wannan a kundin digirinta ba, na gida ne. Amma za ta ƙara gwajin goro a cikin aikin, domin duk littattafan da ta karanta ba wanda ya san da shi.

An ba da beli. Shari'a ba ta ƙare ba, lauya ya ce saura kaɗan.

Kwanon Inna Rabi ya koma yau. Umma ta zuba alkubus ta miƙa ta kan katanga. An daɗe, sannan hannu ya karɓa.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan la'asar

Baba ya dawo jiya. Mutane sun cika zaure har magariba. Yau da safe ya kira magini a juya indararon ya riƙa zuba a tsakar gidanmu. Sannan ya buɗe ɗinkin, allurar tana inda ya soke ta, ta yi tsatsa ta ɓata yadin.

Tun jiya jikina da zafi. Ina kwance ya shigo ya zauna a bakin tabarma. Ya ce, “Hidaya ta faɗa mini.” Na juya fuskata ga bango.

Ya ce, “Kin ɓoye shi ne don kin ɗauka ni ne.”

Ban amsa ba. Ya gane.

Sannan ya ce, “Maganar da na faɗa a ƙofar masallaci, ke ma kin ji ta. Ba laifinki ba ne da kika ɗauka.” Ya ce, “Kin ɗauka ni ne, amma ba ki wanke ba.”

Ya ɗora tafinsa a goshina, ya ce zazzaɓi ne. Ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Na ji yayyafin ya sauka a fuskata, da warin goro.

Ya tashi ya fita. Ban goge ba.